Talata, aikin safe

Yau da fara'ata na shiga wod ɗinmu a asibiti, don Abban yara ya sauke ni har bakin get ban sha rububin adaidaita ba, ga Matiron ta zo mana da ɗanwake da zafinsa. Satumba ce dai, kun san yadda ɗakin yara yake, gado ɗaya yara biyu wani ma uku, fayil ɗin da ka buɗe duk maleriya ce da ƙarancin jini, sai 'yan tamowa da gudawa ta ƙarasa zuge su.

Wajen sha ɗaya aka shigo da wani yaro, bai fi shekara biyu ba, yana ta jijjiga, tafin hannunsa fari fat. Kakarsa ce ta goyo shi, uwar na biye da kuka. Ina laluben jijiya ina tambaya, Iya yaushe ya fara? Ta ce jiya. Kowa dama jiya yake cewa. Sai uwar ta yi ƙasa da murya ta ce tun wancan satin ne, an sayo magani a kemis, an yi tofi, har wanzami an kai wa ya duba belu.

Na ce haba Iya, me ya hana ku zuwa tun farko? Ta dube ni ta ce, "'Yar nan, mu fa tsoron wajen nan muke. Jikan maƙwabciyata nan aka kawo shi da safe, kafin la'asar an miƙo musu gawa."

Wallahi bakina ya mutu, don abun da ta faɗa yana nan cikin rajistarmu. Duk ƙarshen wata in muna haɗa lissafi, yawancin yaran da muke rasawa ba sa cika awa 24 a gado, wasu ma ana kan neman jinin da za a ɗaura musu. Mu muna cewa an makara, su kuma a unguwa abun da suka gani kawai an kai yaro asibiti bai dawo ba, shikenan na gaba sai a ƙara riƙe shi a gida, ga kuɗin mota ga kuɗin gwaji ga maigida yana gona sai ya dawo ya ce a tafi.

Kuma abun haushin, mun san yadda ciwon ke zagayowa. Damina maleriya, hunturu nimoniya, zafi ya shigo ƙyanda da sanƙarau, banda mashaƙo da ya zo ya zauna mana a Kano a 2023. Na tambayi uwar maganin rigakafin maleriyar nan da ake bi gida-gida duk wata da damina, na yara daga wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5, ta ce an ba su. Na ranar farko ya sha a gaban masu rabon, na sauran kwana biyun yana cikin kwalla.

An yi mishi allurar atesunet ta maleriya mai tsanani, jinin kawunsa ya zo daidai, alhamdulillahi. Har na miƙa aiki jijjigar ta tsaya amma bai farka ba, ku sa shi a addu'a.

Na dawo gida ba wuta. Autata ta ɓatar da takalmin makaranta ƙafa ɗaya, ko faɗan ma ban iya yi ba. Gobe aikin dare nake.