Inda tsohon namijin barewa ke ɓuya a duwatsun Cascade

Barewa mai baƙar wutsiya 'yar gaɓar yammacin Amurka ce, daga arewacin Kalifoniya har zuwa Alaska. A jihar Washington, inda nake zaune, ana buɗe wata farauta ta saman duwatsu daga 15 zuwa 25 ga Satumba, a keɓaɓɓun dazuzzuka irin na Glacier Peak da ke duwatsun Cascade. Ba a harbin namiji sai wanda ƙahonsa ɗaya ya yi rassa uku ko fiye. Dokar kare dazuzzuka ta 1964 kuwa ta hana shiga da mota ko babur ko keke, saboda haka tanti da abinci da bindiga duk a bayanka suke, sai fa in kana da doki.

Abin da dajin ya koya mini shi ne, ba da yawo ake samun tsohon namiji ba. Wanda ya kai shekara biyar da ransa ya tsallake damisar dutse, ya tsallake dusar ƙanƙara, ya tsallake maharba, kuma ya yi hakan ne ta hanyar maƙalewa a ɗan ƙaramin wuri da ya sani ciki da bai. Mata da 'ya'yansu da ƙananan maza su ne ke fitowa fili a kwari mai ciyawa kusa da tafki. In na ga garke haka, sai in ɗaga ido sama, can inda itatuwa ke ƙarewa duwatsu su fara. Nan yake, a gangare mai tsauri, yawanci ɓangaren da ke fuskantar arewa don ya fi inuwa da sanyi, dutse a bayansa, duhuwar itatuwa taku kaɗan daga makwancinsa.

Shi ya sa nake hawa tudun da ke fuskantar irin wannan wuri tun da duhu, in yi sallar asuba a can, in kafa madubin hangen nesa a kan ƙafafunsa, in zauna. Ba na neman barewa sukutum. Kunne nake nema, ko farin maƙogwaro, ko reshen da bai yi kama da na itace ba. A farkon Satumba mazan sun riga sun goge lallausar fatar da ke rufe ƙahonsu, kuma da zarar ƙaho ya yi tauri sai su rage zama a fili. Ɗan lokacin da ke tsakanin wayewar gari da fitowar rana shi ne naka. In an yi yayyafi ko hazo ya fara yayewa, sukan daɗe a tsaye suna kiwo, musamman a gefen inda gobara ta taɓa ci ko inda ƙanƙara ta zaftaro ta share itatuwa, domin nan ne sabon toho da 'ya'yan huckleberry, wasu ƙananan 'ya'yan itacen daji, ke yawa.

Sai maganar iska, wadda ita ce ke raba gardama. Da sassafe iska mai sanyi gangarowa take yi, in rana ta ɗumama dutse sai ta juya ta riƙa hawa. Idan na ga inda ya kwanta, ba na motsawa sai ta juya ta daidaita, sannan in zagaya ta bayan tudu in ɓullo masa ta sama. Idonsa kan yi shakka, hancinsa ba ya yi.

Ƙaho kaɗai ba ya nuna shekaru. Ina duba kaurin wuya, da cikin da ya ɗan sauko, da furfurar fuska, da yadda yake jan jiki a baya sai sauran sun fita.

Kafin in yi bisimilla in ja kunama, nakan tambayi kaina ko zan iya fitar da naman. Rana tana da zafi a Satumba, baƙar beyar kuma na nan kusa. Dole a feɗe nan take, a cire ƙashi, a zuba a jakunkunan yadi, a rataye a inuwa inda iska ke kaɗawa. Na taɓa kallon wani babban namiji a wani rami da na san ba zan iya hawowa da kaya daga cikinsa ba kafin naman ya lalace, na sauke bindigata na bar shi ya ci gaba da kiwonsa.