Ajiye wayar tukuna, faɗa min ranar bikin

Duk amaryar da ta shigo min da waya a hannu tana cewa "Anti irin wannan nake so", abu na farko da nake ce mata shi ne ta ajiye wayar tukuna ta faɗa min ranar bikin. Wasu har haushi suke ji, gani suke kamar jan aji nake musu. Alhali shekara shida kenan ina haɗa fulawar amare da abin da na shuka da hannuna a bayan gidanmu a Zariya, kuma tambayar nan sai da na sha wuya kafin na san ita ce gaba da komai.

Aikina na farko a watan Afrilun 2019 ne, cikin Sha'aban, lokacin da kowa ke rige-rigen ɗaura aure kafin azumi, ga zafin bazara kamar ana hura wuta. Amaryar ƙanwar ƙawata ce, tace hoda mai haske take so, ni kuma ga boganbiliya, furen nan mai hawa katanga, ta rufe mana tamu gaba ɗaya da irin kalar da ta faɗa sak. Bayan azahar na fita da almakashi na yanko, na ɗaure da ribon, ya yi kyau sosai har hoto na ɗauka, na kwantar da shi a kujerar bayan mota. Kafin la'asar ya sunkuyar da kai, zuwa magariba kuwa ko taɓa shi ka yi sai zuba. Gwaggon amarya ta dube shi ta dube ni tace, "'Yar nan, wannan ne za ta riƙe a gaban jama'a?" Ba ta ƙara komai ba. Aka tura yaro ya siyo na roba, na mayar musu da kuɗinsu, daren nan ban yi barci ba dan na san ranar yarinya ce guda ɗaya na taɓa.

Bayan kwana biyu na je wajen wani dattijo mai sayar da dashe a bakin titi, wanda a wajensa nake siyan iri, na ba shi labari. Tambayarsa ɗaya, "'Yata, da wane lokaci kika yanka?" Nace bayan azahar Baba. Yace ai fure kamar mai azumi ne, da asuba yake da ruwa a jiki, in rana ta take babu abin da ya rage masa, kin yanke shi yana cikin ƙishirwa kuma kin hana shi ruwa. Sannan yace ita boganbiliya ko da asuban aka yanka ba ta cika jure rabuwa da uwarta ba, ta katanga ce.

Tun daga ranar nake shiga lambu da na idar da sallar asuba, da bokitin ruwa a hannu, duk karan da na yanka kafin na taka zuwa na gaba ya riga ya shiga ruwa. A karkace nake yankawa, na zage duk ganyen da zai nutse, saboda ganye in ya jiƙa ruɓewa yake, ƙwayoyin cuta su yawaita su toshe hanyar da karan ke jan ruwa, sai ki ga fure na cikin ruwa amma yana mutuwa da ƙishi. Bokitin ma sai na wanke shi kamar wanda zan sha ruwa a ciki. A lita ɗaya ina zuba ƙaramin cokali na suga, biyu na ruwan lemun tsami, da ɗigon bilic na wanki kaɗan, sai na kai su ɗaki mai duhu su huta, in so samu ne su kwana. Fulawar da ta kwana tana shan ruwa da wadda aka yanko aka ɗaure nan take, a hoto ɗaya suke, amma ƙarfe goman dare a wajen dina za ki san bambancinsu.

Firji kuwa na ɗauka shi ne maganin komai, ashe ba haka ba. Doddoya da nake sakawa dan ƙamshi da kore, in sanyi ya yi mata yawa baƙi take yi kamar an ƙona ta, ziniya, wani fure mai kaloli da nake shukawa, ita ma ba ta son shi. Ga wuta ba tabbas. Abin da ya cece ni shi ne tukunya cikin tukunya, a zuba jiƙaƙƙen yashi a tsakaninsu a rufe da jiƙaƙƙen tsumma, dabarar nan da malami Mohammed Bah Abba ya yaɗa a ƙauyukan Jigawa har aka ba shi kyautar Rolex a shekarar 2000. Dan tumatir da alayyafo ya yi ta, amma fure ma na jin daɗinta, musamman da hunturu da bazara da iska ke bushe, da damina dai ba ta wani sanyi sosai. Sai dai kar a haɗa su da ayaba ko mangwaro ko tumatirin da ya nuna, akwai wata iska da suke fitarwa, etilin, da ke tsofar da fure da wuri, hayaƙin janareto ma haka yake yi musu.

To mu dawo kan hoton waya, dan nan ne rigimar take. Yawancin abin da ake nuna min daga Instagram da Pinterest fiyoni ne, wani fure mai cika kamar an cusa auduga. Shi wannan sai saiwarsa ta sha makonni cikin sanyi mai tsanani kafin ya yi fure, ko a Turai ma ɗan lokaci ne yake fitowa wajen watan Mayu da Yuni, to ina Zariya ina shi. Ros ɗin nan masu dogon kara da ake gani iri ɗaya kamar an buga a inji, da yawansu daga Kenya suke, gonakin gefen tafkin Naibasha mai tudun kusan mita 1,900, wasu daga Habasha, a jirgi ake kwasarsu, da yawa sai sun bi ta kasuwar gwanjon fure ta Alsmiya a Holan. Kuɗinsu da dala yake tafiya. Namu mafi kusa shi ne Jos, tudun wajen mita 1,200, can ros da gladiyolas, wani fure mai dogon tsiro, suna yi, kuma in ta kama ina sa a ɗoro min a motar asuba, da sharaɗin a tsaye za a ajiye gladiyolas ɗin, in aka kwantar da shi kansa lanƙwashewa yake yana neman sama kuma ba ya komawa.

Da farko kunya nake ji na ce wa amarya ba ni da abin da ke hoton, sai na yi ta kame-kame. Yanzu zama nake da ita nace, ƙanwata me ya burge ki a nan, kalar ce, cikar ce, ko yadda ya zubo gefe? Sau da yawa ita kanta ba sunan furen ne ya dame ta ba, so take ya yi taushi a ido ya shiga da kayanta. Shi ya sa na daina alkawarin suna, kala nake alkawari, kuma sai an kawo min ƙyallen leshin ko na gwaggwaro na shiga da shi lambu na kara a jikin furen da rana, dan kalar waya ƙarya take yi.

Akwai abubuwan da babu bidiyon Turawan da zai koya miki su. Amaryarmu ta zauna awa da awanni an zana mata lalle, in kika haɗa mata ƙaton buke, wato damin fulawar da za ta riƙe, mai dogon mariƙi kin rufe zanen, mai hoto zai yi ta cewa ta sauke shi. Nawa ba ya wuce kara 25 zuwa 30, mariƙin kuma faɗin tafin hannu da ɗan ƙari. Sannan ta sha humra da turaren wuta tun kwana nawa, in kika cika mata tuberos, farin furen nan da ƙamshinsa ke tashi da daddare, ƙamshi biyu za su yi ta kokawa har kanta ya yi ciwo, kara biyu ya isa ko a bar shi. Ƙarshen karan kuma a tsane shi tas kafin a miƙa mata, ɗigon ruwa ɗaya a kan satin sai ya fito a duk hotunan. Tumfafiya furenta na da kyau, an sha tambayata, amma ba na taɓa ta, farin ruwanta in ya shiga ido illa ne, amarya kuma ba a raba ta da share hawaye.

Abin da ya fi ɗaukar min lokaci kafin na kama shi ne kalanda biyu nake aiki da su. Lambu da damina da kaka da hunturu da bazara yake tafiya, biki kuwa da azumi da sallah yake tafiya, kuma azumi duk shekara yana matsowa da kwana goma ko sha ɗaya. A 2019 ranar 6 ga Mayu aka ɗauki azumi, a 2025 kuwa 1 ga Maris, kenan cunkoson bikin Sha'aban da na fara a tsakiyar zafi ya dawo ƙarshen hunturu, abin da na shuka wa wancan ba shi zan shuka wa wannan ba. Sai na koma lissafi da baya. Ziniya daga iri zuwa fure wata biyu ne da 'yan kwanaki, kosmos ta ɗan fi ta sauri, selosiya, wadda dangin alayyafo ce har Yarabawa na miya da ganyenta, tana kai wata uku. In an ba ni rana ba zubi ɗaya nake yi ba, uku nake yi da tazarar sati ɗaya-ɗaya, dan in na farko ya yi gaggawa ko kaji sun tone na ƙarshe, na tsakiya zai fitar da ni. Wadda ta zo saura sati biyu kuwa sai dai mu zaga lambu tare ta zaɓa cikin abin da Allah ya hore.

Ita ziniya akwai gwajin da nake mata, ki kama karan daga ƙasa ki ɗan girgiza, in wuyan na lilo ba ta nuna ba a bar ta, in ya tsaya ƙyam a yanka.

Hunturu ƙura ce da bushewar iska, gefen furen sai ya ƙone kamar an kara a wuta, dole ban ruwa safe da yamma da feshi. Damina ruwan sama ke bugun su, in na ga hadari ya haɗo ana gobe biki da gudu nake fita na kwashe. Bazara ita ce mai wuyar, a nan nake dogara da gomfirena, 'yan ƙulle-ƙullen nan da ko sun bushe kalarsu ba ta gushewa, da ganyen itacen turare. Amma kaka, wallahi kaka daban ce, daga Oktoba zuwa Nuwamba har rasa na yanka nake, kuma ba lambu kaɗai ba har bakin hanya.

Buken da na fi so a duk wanda na taɓa haɗawa na farkon Nuwamba ne. Amaryar jan leshi mai duhu za ta saka, na haɗa mata jar selosiya da ziniya ruwan madara, na sa rassan zoɓo da jajayen 'ya'yansa a jiki, sannan na zagaye da kyasuwa, wadda na yanko tun kanta bai gama nuna ba dan kar ta yi ta zubar da gashi a kaya, na ɗan fesa mata abin feshin gashi ya riƙe ta. Da mahaifiyarta ta ji abin da zan saka tun a waya tace, "Haba 'yata, ciyawar da ake yanko wa dabbobi?" Nace Hajiya ki yi haƙuri ki bari ki gani, in bai miki ba akwai farin ros daga Jos na ajiye, cikin minti goma zan sake. Da gaske na ajiye ɗin, tun abin da ya same ni a 2019 ba na zuwa gidan biki babu na ko-ta-kwana, kuma kullum ina yanka fiye da abin da nake buƙata.

Da na kai, Hajiya ta karɓa ta jujjuya shi ta yi shiru, can tace a kai wa amarya. Kakar amaryar na zaune kan darduma a gefe, tace a miƙo mata tukuna. Ta sa yatsa tana shafa kan kyasuwar, ta taɓa zoɓon, tace rabonta da riƙe kyasuwa tun tana yarinya suna bin babansu gona lokacin girbi, ta tambaye ni a ina na samo mai ja haka. Nace Inna, a hanyar Giwa ne, gefen wata fadama. Tace ta san wajen. Ros ɗin Jos kuwa da su na dawo gida, na zuba su a jug a falo suka yi mana kwana biyar.