Kwamfutar da Na Bar wa Gadin Ɗakin Sanyin Kawu

Ɗakin sanyin Kawu yana wajen Asafo, a nan Kumasi, inda manyan motoci ke sauke daskararren kifi da kaji daga tashar jiragen ruwa ta Tema. Ba duk abin da ke ciki ba ne nasa. Fiye da rabi na mata ne 'yan kasuwa, wasu daga unguwarmu Aboabo, wasu daga Asawase, wasu kuma Tonawa ne, wato mutanen Asante. Suna kawo katan-katan na kifin nan da muke kira samon, wanda 'yan Najeriya ke kira titus, su biya kuɗin ajiya, su riƙa zuwa da sassafe suna ɗiba.

Da daminar bara, wani daren Asabar, layi ɗaya daga cikin layukan wuta uku ya ɗauke. Kwampreso, injin da ke sanyaya ɗakin, ya tsaya cak, amma fitilar farfajiya tana ci, domin a kan wani layin take. Mai gadi ya ga haske, bai ga dalilin tayar da janareto ba, kuma ban taɓa ganin laifinsa ba. Ranar Lahadi ba a buɗe wurin. Da aka buɗe ƙofa Litinin da safe, katan ɗin da ke sama da na bakin ƙofa duk sun saki ruwa. Kawu ya biya kowace mace kuɗin kayanta daga aljihunsa. Da muka zauna da yamma sai ya ce mini, "Kai da ka yi karatun wuta, babu abin da zai kira ni in sanyi ya tafi?" Na ce, "Akwai, Kawu. Ka ba ni lokaci."

Da farko na yi amfani da ƙaramin allon kwamfuta irin na koyo, da katin memori, da cajar waya. Ya yi aiki wata biyu. Wuta ta yi ta ɗaukewa yana cikin rubutu a kan katin, har katin ya lalace. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ya mutu shiru. Kwana uku muna zaton lafiya ce ta sa ba mu ga saƙo ba, ashe babu mai aikowa ne. Allon bai yi laifi ba, ba don irin wannan aikin aka yi shi ba. Araha ba ta ado, in ji mutanenmu. Daga nan na nemi allon kwamfuta na masana'antu.

Ga wanda bai taɓa riƙe irinsa ba: kwamfuta ce cikakkiya a kan allo guda. Nawa irin wanda ake kira mai inci 3.5 ne, tsawonsa milimita 146, faɗinsa 102, bai fi tafin hannun babban mutum da yawa ba. Ƙwaƙwalwarsa Intel Atom ce. Ba gudu ya raba shi da na gida ba, wayar hannunka ma na iya finsa sauri. Juriya ce ta raba su. Yana karɓar wuta daga bolt 9 zuwa 36, saboda haka ɗan hawa da sauka ba ya damunsa. Ba shi da fanka, faffaɗan ƙarfen alminiyam ne ke janye zafi. Duk wanda ya taɓa buɗe kwamfuta bayan hunturu ya san abin da ƙurar hazo ke yi wa fanka: ta toshe, ta fara kuka, wata rana ta tsaya. Yana da agogonsa mai batirin CR2032, da ramukan waya na injinan masana'antu, da wani abu da nake kira mai gadi, zan zo kansa.

Haɗa jikinsa ya ci mini yini ɗaya. Na taɓa ƙarfen da ke haɗe da ƙasa kafin in ɗauke shi daga ledarsa, don kada wutar da ke taruwa a jikin mutum ta lalata shi, na sa memori, na sa ma'ajiyar SSD maimakon kati, na sa modem na 4G a raminsa. Na ɗaure allon a kan ƙananan ƙafafun tagulla don kada bayansa ya taɓa jikin akwati. Akwatin ƙarfe ne mai hana ƙura da ruwa. Wani maƙeri a Suame Magazine, unguwar maƙera da makanikai ta Kumasi, ya huda mini ramukan waya, ya kafa layin dogon DIN mai faɗin milimita 35 da ake rataye kayan wuta a kai. Duk ramin da waya ta bi na toshe shi tsaf, domin tururuwa da kyankyaso da tsaka suna son ɗumi, kuma na sha ganin allon da tsaka ta ƙone.

Kawu ya so a sa akwatin cikin ɗakin sanyin. A ganinsa injin da ke jin zafi ai sanyi yake so. Na ce masa, "Kawu, sanyin ba zai kashe shi ba, raɓa ce za ta kashe shi." Duk lokacin da aka buɗe ƙofa, iskar Kumasi mai laima na shiga ta zama ruwa a kan duk ƙarfe mai sanyi. Muka rataye shi a bangon zaure, ƙarƙashin rufi, inda rana ba ta kai. Eriyar modem kuma na fito da ita waje, domin akwatin ƙarfe yana toshe sabis.

Wutarsa ta bi ta na'urar kare tsawa, ta shiga abin da ke mayar da bolt 230 zuwa bolt 24, wanda ke cajin ƙananan batura biyu masu bolt 12 da aka haɗa a jere. Mu da muka rayu cikin dumso, wato yawan ɗauke wuta a Gana, a 2015 ba ma bukatar a yi mana bayanin amfanin batir. Na'urar da aikinta shi ne ta sanar da kai wuta ta tafi, dole ta rayu bayan wutar ta tafi.

Na sa Debian 12, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutar, daga filasha, ba tare da hotuna da tagogi ba, rubutu kawai, domin babu wanda zai zauna gabansa. Na rufe shiga da kalmar sirri, sai da makullin SSH, hanyar shiga kwamfuta daga nesa. Layin wayar da ke ciki na yi masa rajista da Ghana Card ɗina kamar yadda doka ta ce. Da yake intanet ɗin waya ba ya ba ka adireshin da za a same ka kai tsaye daga waje, sai na buɗe keɓaɓɓiyar hanya da manhajar WireGuard, allon ne ke nemo ni, ba ni ke nemansa ba. Agogo kuwa bai wahalar da ni ba: lokacin Gana daidai yake da GMT, ba ma ƙara awa ba ma ragewa. Duk wannan ya tafi sumul.

Sai na zo gwajin da nake ganin ya fi kowane muhimmanci. Na cire batir, na zare fulogi, na ƙirga goma, na mayar. Allon bai tashi ba. Ƙaramar fitilar wuta na ci, amma yana zaune yana jiran a danna masa maɓalli, kamar kwamfutar ofis. Da na kai shi haka, da duk ranar da batir ya ƙare cikin dare, wuta ta dawo, zai zauna a kashe har sai na zo daga Aboabo. Na koma littafin allon shafi-shafi. Akwai wata 'yar jampa, wato 'yar hular da ke haɗa ƙusoshi biyu a kan allo, ba ta fi ƙwayar shinkafa ba, mai zaɓa tsakanin tsarin ATX da AT. A ATX yana jiran maɓalli, a AT yana tashi da zarar ya ji wuta. Na matsar da ita, na shiga BIOS, wato saitunan tushe na allon, na gyara saitin dawowar wuta shi ma. Na sake zare fulogi. Ya tashi. Na maimaita sau ashirin a jere, wani lokaci yana tsakiyar rubutu, ina duba ko wani abu ya lalace. Don haka ne ma na mayar da ɓangaren manhaja na karatu kawai, ba a rubuta komai a kansa, bayanan sanyi kuma na ware musu nasu ɓangaren. In ka sayi irin wannan allo, ina roƙonka, ka yi wannan gwajin a kan teburinka kafin ka ɗaure shi a bango.

Mai gadin da na ambata wani ɗan agogo ne a jikin allon, mai zaman kansa. Manhaja za ta riƙa taɓa shi a kai a kai, alamar tana raye. In daƙiƙa 30 suka wuce ba ta taɓa shi ba, sai ya kashe kwamfutar ya sake kunnawa, ba ya neman izinin kowa. A Debian layi ɗaya ne a saitin systemd, manhajar da ke tayar da sauran manhajoji. Na daskarar da kwamfutar da gangan don in gani da idona, ta kuwa dawo.

Inda na yi gumi sosai shi ne magana da injin. Na'urar da ke sarrafa sanyin ɗakin, da mitar da na ƙara don auna layukan wuta uku, dukansu suna magana da Modbus, yaren da kamfanin Modicon ya fito da shi tun 1979, kuma har yau injinan duniya ba su bar shi ba. Yana tafiya a kan RS-485, wayoyi biyu a murɗe, A da B, da za su iya kai saƙo har mita 1,200. Na haɗa, na tambaya, shiru. Na canza sauri, shiru. Kwana biyu ina kan wannan. Matsala ta farko tana BIOS: ramin waya ɗaya ne ke iya zama RS-232 ko RS-422 ko RS-485, kuma a RS-232 ya zo. Ta biyu, masu ƙera kaya ba su yi ittifaƙi kan wace waya ce A wace ce B ba, abin da wannan ya kira A, wancan B yake ce masa. Na juya wayoyin, na daidaita sauri a 9600, na ba kowace na'ura lambarta, sai ga lamba ta fito a sikirin: digiri 19 ƙasa da sifili. Na daɗe ina kallonta.

Murna ba ta daɗe ba. Duk lokacin da kwampreso ya tashi, amsoshin sai su rikice. Na bi wayar na ga ta kwanta a bututu ɗaya da babbar wayar wuta. Na raba su, na sa waya mai rigar ƙarfe, na haɗa rigar da ƙasa a gefe ɗaya kawai, na sa rizista mai om 120 a kowane ƙarshen layin. Tun daga ranar ban sake ganin kuskure ba.

Darasin da ya fi duka ban same shi a littafi ba. Na saita cewa in sanyi ya ragu har ɗakin ya fi digiri 15 ƙasa da sifili ɗumi a aika saƙo, tunda ƙa'idar daskararren abinci 18 ce. Daren farko saƙo ya tayar da Kawu ƙarfe biyu. Ya hau babur ya zo, ya tarar komai lafiya. Washegari na sami dattijon da ke gyara masa injin, Batone ne, ya fi shekara ashirin yana wannan sana'a. Na gaishe shi, na nuna masa jerin lambobin. Ya duba ya ce da ni cikin Tonanci, ai injin ne ke narkar da ƙanƙarar jikinsa, kowace awa shida yana yi, iskar ɗaki takan ɗan ɗumama amma kifin bai san an yi ba. Ya nuna mini inda na'urar ke rubuta cewa tana cikin narkarwa. Yanzu allon yana karanta wannan alamar, yana jira minti 45 kafin ya ɗaga murya. Amma in layin wuta ne ya ɗauke, minti biyu kawai yake jira. Saƙon ƙarya yana da haɗari, domin in ya tayar da mutum sau uku a banza, na huɗu ba zai tashi ba.

Kawu ba ya riƙe babbar waya, 'yar mai maɓallai ce, wadda 'yan Gana ke wa laƙabi da doya. Saboda haka saƙon tes ne, kuma da Hausa. A nan na gamu da wani abu da ya taɓa ni. Saƙon tes ɗaya yana ɗaukar haruffa 160, amma da zarar ka sa ƙ ko ɗ ko ɓ sai ya koma wani tsarin mai ɗaukar 70 kacal, kuma a wayar Kawu akwatuna ne ke fitowa a madadinsu. Ban so in rubuta "daki" a wurin "ɗaki" ba. Sai na zauna na zaɓo kalmomin da ba su da lanƙwasa ko ɗaya: "Sanyi ya ragu a sito." "Layin wuta na 2 ya tafi, a tayar da janareto." "Wuta ta dawo." Saƙon yana zuwa wayar Kawu, da ta mai gadi, da tawa.

Makonni kaɗan da gamawa aka yi ruwa mai iska cikin dare. Ƙarfe uku da 'yan mintuna wayata ta yi ƙara: layi na 2 ya tafi. Kafin in gama sa takalmi Kawu ya kira. "Ka gani?" Na ce, "Na gani, Kawu." Ya ce, "Koma ka kwanta, yaron ya riga ya tayar da janareto." Da safe na duba bayanan, ɗakin bai fi digiri 17 ƙasa da sifili ɗumi ba. Matan sun zo sun ɗebi kayansu kamar kullum, ba wadda ta san an yi wani abu.

Kawu ne da kansa ya kawo gyaran ƙarshe, domin bai manta da kwana ukun nan na shiru ba. Ya ce, "Ko ba komai, ya riƙa gaishe ni." Yanzu kullum ƙarfe biyar da rabi na safe saƙo yana shiga: "Lafiya lau. Sanyi 19. Wuta uku na nan. Batir a cike." Yana karantawa a ƙofar masallaci bayan asuba. Mun yi alkawari, ranar da saƙon bai zo ba zai kira ni nan take. Ya ce in an gama ginin ɗaki na biyu a ja masa waya shi ma. Na riga na auna, mita 40 ce, kuma layin nan na RS-485 zai ɗauke shi, sai dai in cire rizistar ƙarshe in mayar da ita can.