Daga Kakuri zuwa Lankasha: na je na ga uwar masaƙunmu

Yau kwanana shida da dawowa, amma har yanzu in na kwanta ƙarar masaƙar garin Burnley na Ingila nake ji a kunne. Shi ya sa na ce bari in rubuta tun abin na da ɗumi.

Ƙanena ne ya gayyace ni. Yana aikin jinya a Manchesta, matarsa ta haihu, gida aka ce ni zan je in ga jariri a madadin kowa. Kafin biza ta fito har yaro ya fara zama, amma dai na je. Da ya tambaye ni inda nake so ya kai ni, ya zaci filin ƙwallo zan ce, don duk wanda ya zo daga gida abin da yake nema ke nan. Na ce masaƙa. Ya dube ni ya ce, "Yaya, ka baro Kakuri, ka tsallako teku, don ka kalli masaƙar da ta mutu? Ai gara ka tsaya a bayan gidanmu." Ban ga laifinsa ba. Shi bai tashi da jiniyar asuba ba. Bai ga Baba yana dawowa daga aikin dare da auduga fari fat a gira da gemu ba, shekara 24 yana wannan a ɗaya daga cikin masaƙun unguwarmu ta Kakuri a Kaduna.

Tun a jirgin ƙasa muka fara cin karo da Ingila. Ashe tikitin da ƙanena ya saya mai rahusa ne, ba a shiga da shi sai an wuce ƙarfe tara da rabi na safe, mu kuwa mun yi sammako. Mai duba tikiti ya zo, ya duba, ya yi murmushi, ya shiga yi mana bayani a hankali, kalma ɗaya-ɗaya, kamar mai koya wa yaro alif ba. Na fara ba shi haƙuri irin namu, ƙanena ya taka mini ƙafa. A gida ma'aikaci zai daka maka tsawa, ka ce ranka ya daɗe, a ja, daga ƙarshe ya ce je ka don Allah. Wannan kuwa da "don Allah" da "na gode" ya wanke mu tas, ya karɓi cikon kuɗinsa, ya yi mana fatan wuni lafiya. Ban taɓa ganin rashin mutunci mai ladabi irin wannan ba.

Manchesta da Libaful a da duk cikin gundumar Lankasha suke, sai a 1974 aka yanke su aka yi musu nasu yankin. Abin da ya rage shi ne garuruwan kwari da tuddai na arewa: Burnley, Blackburn, Accrington, Preston da sauransu. Ta taga ba abin da kake gani sai gidajen dutse a jere, ƙofa kusa da ƙofa, sun hau tudu kamar layin 'yan makaranta, sai dogayen bututun hayaƙi da ba hayaƙi, sai yayyafi. Yayyafin nan ba ya tsayawa, ba ya kuma zama ruwan kirki. Amma shi ne arzikinsu na farko, don zaren auduga ba ya son bushewa, a iska mai laima ba ya yawan tsinkewa. Baba ya sha ba mu labarin yadda ake fesa danshi a ɗakin saƙa in hunturu ya kama. Su nan Allah ne ke fesa musu kyauta. Ga kwal a ƙarƙashin ƙafarsu, ga tashar jiragen ruwa a Libaful. Abu ɗaya ne ba su da shi, audugar kanta. Ko ƙwaya ɗaya ba ta tsirowa a ƙasar, amma a 1912 Birtaniya ta saƙa yadi biliyan 8, mafi yawansa a nan.

Masaƙar Queen Street Mill tana gefen Burnley, a wata unguwa da ake kira Harle Syke. Mutanen unguwar ne suka kafa kamfanin a 1894, aka sayar da hannun jari fam 5 kowane ɗaya, masaƙa da dama suka saya. Ta yi aiki har 1982, kuma har ranar da aka rufe ta injin tururi ne ke juya ta. Injin na nan, ƙarfin doki 500, an goge shi yana ƙyalli kamar kwallar amarya. Suna ma gare shi, Peace, wato zaman lafiya, wanda aka raɗa masa bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya. Ranar da muka je ba a hura masa wuta ba.

Sai aka shigar da mu ɗakin saƙa. Injinan saƙa kimanin 300 a jere, baƙaƙe, bel na fata na saukowa daga sandunan ƙarfe da ke sama, rufi kuma kamar haƙoran zarto da gilasai ta ɓangaren arewa don haske ya shigo ba rana. Warin mai da auduga ya doki hancina, wallahi warin rigar Baba ne sak. Wata tsohuwa ce ke yi mana bayani, ta ce tana da shekara 15 ta fara saƙa. Ta tayar da injina kaɗan, ba su kai goma ba, amma na ji ƙasa na rawa a tafin ƙafata. Ƙanena ya toshe kunne. Ta ce mu ƙiyasta lokacin da kusan dubu ke aiki a tare. Sai ta juya ga abokiyar aikinta da ke can ƙarshen layi, ta motsa baki ba murya, waccan ta amsa da baki, suka fashe da dariya. Haka masaƙan Lankasha ke hira, da karatun leɓe, shi ya sa ko a coci ba a gulma kusa da su. Nan na gane abin da ya sa Baba ke ƙura wa bakin mutum ido in ana magana, mu muna cewa tsufa ne.

Ta ɗauko ƙoshiya, ta katako mai bakin ƙarfe, ta kai bakinta ta tsotso zaren ta 'yar kafa. Sumbatar ƙoshiya suke ce wa wannan. Sau ɗaruruwa a wuni, ƙoshiya ɗaya baki da yawa, ga ƙura ga tarin fuka. Na tambaye ta wane yadi ake saƙawa a nan. Ta miƙo mini ƙyalle, na murza. Akoko! Akokon da kakanninmu suka yi riga da likkafani da shi. Na ce mata a garinmu ma an saƙa wannan, ta ce ina ne, na ce Kaduna. Ta ce to sai in je Rawtenstall.

Dama can za ni. Sunan garin a rubuce daban, a baki daban, Rotinstol suke cewa, na yi ta tambayar hanya ana kallona. Daga wannan ɗan ƙaramin gari kamfanin David Whitehead and Sons ya fito, wanda gwamnatin Arewa ta zamanin Sardauna ta haɗa hannu da shi aka kafa Kaduna Textiles, ta fara aiki a 1957, kuma da akoko ta fara. Ba a can Baba ya yi aiki ba, amma ita ce uwa, sauran masaƙun Kakuri bayanta suka biyo. Dangantakar ma ta girmi haka. A 1902 masu masaƙun Lankasha suka kafa ƙungiyar bunƙasa noman auduga ta BCGA a Manchesta don neman auduga a ƙasashen da Ingila ke mulka, saboda sun ɗanɗana kuɗarsu a 1861 zuwa 1865, lokacin da yaƙin basasar Amurka ya tsayar da audugar da bayi ke nomawa, garuruwan nan suka shiga yunwa. Injinan gurza na Zariya da Funtuwa daga nan suka samo asali. Har dogon da ya isa Kano a 1911 audugarmu aka sa wa rai zai kwaso, manoman Kano suka duba farashi suka shuka gyaɗa. Na tsaya a gaban Ilex Mill, wani ƙaton ginin masaƙa na dutse da ɗaya daga cikin 'yan gidan Whitehead ya gina a 1856. Yanzu gidajen kwana ne, da labule da tukwanen fure a taga. Kaduna Textiles an rufe ta a 2002. Kowa ya san abin da ke cikin harabar masaƙun Kakuri yau, ciyawa da jemagu.

Kada a ce ina yabon Turawa. Su ma fa sun sha kaye, irin wanda muka sha, yadi mai araha daga Asiya ya kashe su, a shekarun 1960 da 1970 kusan kowane mako sai an rufe masaƙa. A tsakiyar Burnley na ga shaguna a garƙame, na ga samari zaune ba aikin fari ba na baƙi, kamar dai a bakin titin Kakuri. Bambancin shi ne sun yi wa gawarsu wanka, sun ajiye ta, suna karɓar kuɗin ƙofa.

A Rawtenstall ɗin na shiga mashaya karo na farko a rayuwata, kuma da alwalata na fito. Fitzpatrick's sunanta, tun shekarun 1890 take, ba a taɓa sayar da giya a ciki ba. Ashe a 1832 wasu mutum bakwai a Preston suka sa hannu kan alkawarin barin barasa, abin ya bazu cikin leburorin masaƙa, aka buɗe irin waɗannan wuraren na jiƙon saiwoyi da ganyaye. Na sha wani baƙi mai zaƙi-zaƙi da ɗan ɗaci, tsakanin zoɓo da maganin shawara. Ya yi daɗi, amma kuɗin kofi ɗaya zai sayi zoɓon da za a shayar da 'yan ɗaurin aure. Tsadar ƙasar nan ba a magana. Shayi, ruwan zafi da ganye da ɗigon madara, fam uku da wani abu, a canjin da na yi kusan Naira dubu bakwai, kuma ba burodi. Ƙanena ya ce, "Yaya, in ka ci gaba da lissafi da Naira yunwa za ta kashe ka."

Na rama a wani shagon tsofaffin kaya. Na ga ƙoshiya irin ta tsohuwar nan, katakon ya yi santsi saboda hannu, an liƙa mata fam 15. Na ce wa dattijon fam 8. Ƙanena ya sulale waje don kunya, wai a nan ba a tayi. Dattijon ya cire tabarau ya ce me zan yi da ita, na ce tsaraba ce ga mahaifina, masaƙi ne. Ya ce nasa uban ma haka. Ya sallama a fam 10, ya ƙara mini da kwarkwaron zare biyu gyara. Ashe ana tayi, iya baki ne.

Helmshore na kusa, mun leƙa. Tsohuwar masana'antar ulu ce ta 1789 da ruwa ke juyawa, kuma abin da ya tsaya mini a rai shi ne da tsohon fitsari suke wanke maiƙon ulu, har bi ake gida-gida ana saye. Masu rini na Ƙofar Mata da tokarsu sun fi su tsabta nesa ba kusa ba.

Juma'a a Blackburn muka yi ta. Kusan mutum ɗaya cikin uku a garin Musulmi ne, masallatai ko'ina, wasu unguwannin in ba don sanyi ba ka ce Fagge kake. Bayan sallama wani dattijo ɗan asalin Gujarat ta Indiya ya riƙe hannuna ya tambayi daga ina, kafin in ankara muna cikin motarsa. Ya ce baƙo ba ya cin abincin kanti ranar Juma'a. Aka jera mana shinkafa da naman rago da samosa, ina cewa na ƙoshi yana ƙara mini. Mahaifinsa a shekarun 1960 ya zo, aikin dare a masaƙa, aikin da 'yan gari suka fara gudu. Shi ya kai mu Darwen ya nuna mana bututun hayaƙin masaƙar India Mill, tsawonsa ya haura ƙafa 300, ya ce a garin nan Gandhi ya sauka a 1931, lokacin da Indiyawa suka ƙaurace wa yadin Ingila, masaƙu suka tsaya. An ji tsoron leburori za su yi masa ihu, sai ga mata sun kewaye shi suna murna. Da za mu rabu na ciro turare zan ba shi, ya ɓata rai, sai da na ce na jikokinsa ne ya karɓa.

Mutanen Lankasha suna da sakin fuska, ba kamar na Landan ba. Kowa in zai sauka daga bas sai ya gode wa direba. Mata masu kanti kuma kowa "masoyi" suke kiransa, ranar farko sai da na waiga in ga ko da wani a bayana.

Lancaster mun yi mata rabin wuni. Ga gidan sarautar dutse inda aka yi shari'ar mayun Pendle a 1612 aka rataye mutum goma, ga bakin kogi inda jiragen cinikin bayi ke tashi zuwa gaɓar Afirka ta Yamma, an kafa abin tunawa a wurin. Ban yi hoto ba. Blackpool kuwa, inda masaƙa ke zuwa hutun mako guda in an rufe masaƙun garinsu, iska ce kawai da hasumiyar ƙarfe ta 1894 da fitilu, sai wani tsuntsun teku da ya fizge mini kifi daga hannu.

Da na dawo na kai wa Baba ƙoshiyar. Ya juya ta, ya shinshina, ya sa babban yatsa daidai inda katakon ya lotsa. Na kunna masa bidiyon da na ɗauka a Burnley, na ƙure murya, ya ce ba ya ji, in matso da wayar. Ya daɗe yana kallo. Can ya nuna inji na biyu daga hagu ya ce, "Wannan bel ɗinsa ya saki. Ba wanda ya gaya musu?"