Ragon da ya hau kujerar shugaba: abin da na ɗauka daga Rolly Crump

Rolly Crump, mai zane a kamfanin Disney, ya rasu ranar 12 ga Maris, 2023, a garin Carlsbad na jihar Kalifoniya, yana da shekara 93. Galibin masu tururuwa zuwa Disneyland, filin wasannin Disney da ke Kalifoniya, ba su san sunansa ba, alhali aikin hannunsa suke kallo duk lokacin da suka tsaya gaban katafaren agogon nan mai fari da ruwan zinare, wanda 'yan tsana ke fitowa daga cikinsa suna zagayawa kowane minti 15. Ni kafinta ne, a kudancin Kalifoniya nake zaune, ina haɗa katakon dandalin wasan kwaikwayo da rumfunan baje koli. Ban taɓa haɗuwa da shi ba. Amma a shagunan irin namu da wuya ka yi shekara tsofaffin ma'aikata ba su ba ka labarinsa ba, kuma labarin nasa kusan kullum da dariya yake ƙarewa.

A 1952 ya shiga kamfanin Disney a matsayin ƙaramin mai zanen katun. Kafin nan a masana'antar tangaran yake, kuma albashin can ya fi na Disney, har sai da ya riƙa aikin ginin ramukan magudanar ruwa a ƙarshen mako don ya riƙe iyalinsa. Abin da ya fito da shi ba ƙwarewar zane ba ce, domin akwai waɗanda suka fi shi nesa ba kusa ba. Wasu 'yan farfeloli ne da yake ƙerawa da tarkacen ofis, iska na juya su. Su ne Walt Disney, mai kamfanin, ya gani, a 1959 aka mayar da shi sashen da ke tsara wuraren wasa. Yana kuma da fastoci na shaƙiyanci, har da waɗanda ya zana kamar tallar kayan maye. Waɗannan ban yarda da su ba, ba kuma zan rataye su a gidana ba. Na kawo su ne don a san irin mutumin: ba ya jin akwai abin da ya fi ƙarfin a tsokane shi.

Labarin da ya fi tsaya mini a rai na hasumiya ne. An yi babban baje kolin duniya a Niyok a 1964 da 1965, Disney ya gina rumfar UNICEF da kuɗin kamfanin Pepsi, inda aka fara nuna It's a Small World, wasan yawo a jirgin ruwa tsakanin 'yan tsana, wanda mai zane Mary Blair ta tsara launukansa. Crump aka ba aikin hasumiyar ƙofar shiga, mai tsawon ƙafa 120, cike da farfeloli da abubuwa masu lilo. Shi siririya ya zana ta. Injiniyoyi suka ce iska za ta kayar da ita, suka ƙara wa ƙarafan kauri. Da Walt ya kai shi ya gani ya tambaye shi ra'ayinsa, Crump ya ce masa abin shara ne, da kalmar da ta fi wannan kaushi. Kamar yadda shi Crump ya sha ba da labari, Walt ya amsa cewa ba zai yiwu ta zama shara ba tunda dala 200,000 ta ci masa. Mai kamfani ne da ƙaramin ma'aikacinsa, a wurin da kowa ya saba cewa "haka ne, ranka ya daɗe". Ba a kore shi ba. Da aka kwaso wasan zuwa Disneyland da ke Anaheim a 1966, shi aka ba aikin fuskar ginin da agogon nan.

Watanni kaɗan bayan rasuwarsa, 'yan uwanmu mazauna nan, Hausawan Najeriya da Nijar da Ghana, suka fara shirin taron Babbar Sallah, wadda ta faɗo ƙarshen watan Yuni. Aka ce ni zan shirya sashen yara tunda ina da kayan aiki. Abin da kwamiti ya rubuto shi ne alluna masu tarihin layya, da taswirar garuruwanmu, da gasar karatu. Duk abu ne mai kyau, kuma na yi su. Sai dai na san yaran nan. Da yawansu a nan aka haife su, taron Sallah a wurinsu rana ce ta zama a kujera cikin kayan da ke ƙaiƙayi, ana jawabi da harshen da rabinsa kawai suke ji. Na so a samu abu ɗaya da zai sa su ja hannun iyayensu su ce a zo a gani.

Dabarar da na ɗauka tsohuwa ce. Tun 1862 wani malamin kimiyya, John Henry Pepper, ya shahara da ita a Landan, kuma ita Crump da abokin aikinsa Yale Gracey suka yi ta gwaji da ita daga 1959, lokacin da aka ba su ɗaki aka ce su ƙirƙiro abubuwan tsoro na gidan fatalwa, Haunted Mansion. Har yau da ita ake nuna fatalwowin da ke rawa a babban zauren gidan. Ga yadda take. Ka haɗa ɗakuna biyu masu siffar gwiwar hannu. Ɗaya mai kallo na ganinsa kai tsaye, ɗayan yana gefe a ɓoye, an shafe shi da baƙin fenti. A mahaɗarsu ka kafa faffaɗan gilashi a karkace, kusurwar digiri 45. Muddin ɓoyayyen ɗakin na cikin duhu, gilashin ba ya nuna komai. Da ka ƙara masa haske, abin da ke cikinsa sai ya bayyana a ɗakin da ake kallo, kamar daga iska ya fito.

A ɗakin fili na ajiye kujera mai hannu, da darduma, da lasifika a gabanta, da ƙaramin allo: "Kujerar Shugaba". A ɓoyayyen ɗakin na zaunar da rago na soso da takarda da gam, sanye da babbar riga da tabarau, a kan baƙin akwati mai tsawon mazaunin kujerar daidai. Nisan ragon daga gilashi dole ya zo ɗaya da nisan kujerar, in ba haka ba sai ka gan shi yana shawagi a gabanta ko ya nutse cikin jinginarta. Da tef da alli na yi ta matsar da akwatin, yatsa ɗaya gaba, yatsa biyu baya, ɗana na leƙe ta taga yana cewa "Baba, saura kaɗan", har gindin ragon ya zauna daram. Gilashin yana juya dama ta koma hagu, don haka rubutun da ke ƙirjinsa a juye na yi shi. Na ɗaura igiya a muƙamuƙinsa, yaro ya ja, baki ya buɗe, kukan rago ya fito ta lasifika.

Abin dariyar dai shugabanmu ne. Dattijo ne mai kirki, shi ya tarbi yawancinmu da muka zo ƙasar nan, shi ke tsayawa kan jana'iza da ɗaurin aure. Amma in ya karɓi lasifika, abinci sai ya huce. Kowa ya sani, kowa na faɗa a mota a hanyar komawa gida, babu mai faɗa a gabansa. Ban yanka katako ko ɗaya ba sai da na je gidansa da zanen a hannu.

Na ce, "Baba Alhaji, wata magana ce ta kawo ni, in ka ce a bari an bari."

Ya sa tabarau, ya daɗe yana duban takardar. Sannan ya ce, "Ɗana, ragon nan ni ne ko?"

Na ce, "Kai ne, Baba."

Ya yi dariya har da tari. Ya ce, "To da wace hula zai fito? Kada ka sa masa ta banza a ce shugaba ya tsiyace. Shiga ciki Hajiya ta ba ka zanna bukar ɗina."

A zaman kwamiti wata Hajiya ta tashi ta ƙi, kuma maganarta na da nauyi. Ta ce, "Malam, da ma fama muke da yaran nan kan girmama manya, a ƙasar da yaro ke kiran malaminsa da suna, kai kuma za ka koya musu raini a ranar Sallah?" Baba Alhaji ne ya amsa kafin in buɗe baki. Ya ce, "Hajiya, jikokina ne. Jika in bai tsokani kakansa ba, wa zai tsokana?" Gaskiya ya faɗa. Mu ma muna da gurbin wannan a gida: wasan jika da kaka, da na taubasai, da na Kanawa da Zagezagi, inda ake faɗa wa babba abin da ba ya faɗuwa kuma zumunci ya ƙara ƙarfi. Yaran da suka tashi a nan ba su sami wannan ba. Ɓangaren tsawa kaɗai suka sani na al'adarmu.

Duk da haka damuwar Hajiya ta sa na ƙara lura da wanda ake yi wa dariya, kuma a Disneyland ɗin kansa akwai izina. Marc Davis, abokin aikin Crump, shi ya cusa barkwanci a wuraren da dā babu: giwaye masu wanka a Jungle Cruise, wasan yawon daji a jirgin ruwa, da 'yan fashin teku a kurkuku suna lallashin kare da ƙashi don ya miƙo musu makullin da ke bakinsa. Gwani ne, daga aikinsa na koyi cewa mai kallo wucewa yake yi, dole ya gane wasan da kallo ɗaya. Shi ya sa da aka ce in rubuta bayani a gefen kujerar na ƙi. Amma a Jungle Cruise ɗin nan a dā akwai inda karkanda ta koro mutane suka haye sanda, Bature a can sama, 'yan dako baƙar fata a ƙasa kusa da ƙahonta, ga kuma wasu 'yan Afirka da aka nuna riƙe da masu, kamar mafarautan kawuna. Ranar da na kai 'ya'yana suka gani, jirgin duka na dariya, mu ba mu yi ba. Sai a 2021 aka sauya waɗannan, kamar yadda aka cire gwanjon mata daga wasan 'yan fashin teku a 2018. Barkwancin Crump da na sani ba can ya dosa ba. Maigidansa ya tsokana, da mutuwa, da abin tsoro. Ya zana mutumin kyandir yana narkewa, da kujera mai tashi ta yi magana, da agogo mai siffar akwatin gawa. Walt ya so a yi musu gidan tarihi na musamman, har ya nuna su a talabijin a 1965, sai ya rasu a Disamban 1966 aka ajiye maganar. Da aka buɗe gidan fatalwa a Agustan 1969, rabinsa tsoro ne, rabinsa raha, kuma rahar ce ke sa ƙaramin yaro ya yarda ya sake shiga.

Saboda haka na cire abu biyu da matasa suka kawo. Ɗaya kwaikwayon Turancin wata baiwar Allah ce da ba ta daɗe da zuwa ba, ɗayan kuma tsokanar wani yaro mai in'ina. Sun ce ai duk wasa ne. Na ce waɗannan ba su da kujerar da za su koma su zauna bayan an gama dariya, Baba Alhaji yana da ita.

Ranar taron layi ya kai bakin ƙofa. Yaro ya leƙa, ya ga kujera babu kowa, ɗana ya murɗa makunnin haske a hankali, rago ya fito da hularsa, aka ja igiya ya fara jawabi. Wata ƙaramar yarinya ta ruga ta kamo hannun Baba Alhaji tana cewa, "Kaka, zo ka ga kanka!" da Hausar da uwarta ta ce ba ta taɓa jin ta haɗa jimla da ita ba. Ya zo, ya ja igiyar da kansa. Wahalar da na sha ita ce gilashin: yatsun yara masu maiƙon nama suna taɓa shi, kuma tabo ɗaya ya isa ya tona asirin dabarar, don haka da tsumma a aljihu na yini. Hajiyar da ta ƙi ba ta sauya ra'ayi gaba ɗaya ba. Ta ce in za a sake, a ajiye shi nesa da wurin salla, kuma a cire ragon kafin baƙi na wasu ƙasashe su iso. Kwamiti ya amince da sharaɗin farko, na biyun kuma Baba Alhaji ya ce a bar ragonsa ya gaisa da baƙi.