Boilarmu da shirin sanyin Leeds

Ni fa da na zo ƙasar nan ɗauka na yi na san sanyi. Ɗan Kano ne ni, na ga hunturun Janairu, na ga ƙafa ta yi kaushi leɓe ya tsattsage. Ashe wasan yara ne. A gida bargo ne da basilin, sai kasko in abin ya yi tsanani, amma nan Ingila ɗumin gida gaba ɗaya yana hannun wata akwati ce a kicin da ake kira boila, ita ke dafa ruwa da gas ta tura shi cikin bututu ya zaga radiyetocin ɗakuna, wato faffaɗan ƙarafan da ke jikin bango suna ba da ɗumi, kuma in ka yi watsi da ita tun bazara to ranar da ka fi buƙatarta ranar za ta yi maka yaji.

Mu a Disambar 2022 ta yi mana. A shekarar kuɗin gas ya yi tashin gwauron zabi, sai na yi ta ƙwauron kunna hita, ban gwada komai ba, ban duba komai ba. Sai ga wani irin sanyi da ya fi mako guda bai sassauta ba. Da asuba na tashi alwala, ruwa kamar ƙanƙara, boila sai gurnani take tana nuna wasu lambobi. Uwargida ta leƙo cikin bargo ta ce "Maigida, wai tsimin naka ne ya kai mu nan?" Ban ce uffan ba. Na kira mai gyara ya ce sai bayan kwana uku, kowa ma shi yake nema.

Wata dattijuwa maƙwabciyarmu ce ta fitar da mu. Ta zagaya da ni bayan gida ta nuna min wani farin bututun roba da ya fito daga bango, ta nan boila ke zubar da ruwan tururinta, kuma shi ne ya daskare, in ya toshe boilar kashe kanta take. Ruwan ɗumi muka zuba masa a buta, ba tafasasshe ba don kar robar ta fashe, na koma na danna maɓallin sake tashi, wallahi ko minti biyar ba a yi ba ta kama. Daga baya na naɗe bututun da soson nan da ake sayarwa don haka.

Tun daga nan farkon Oktoba nake nawa shirin, kafin ma a mayar da agogo baya da awa ɗaya kamar yadda ake yi a nan a ƙarshen watan. In samu Asabar in kunna hita kamar rabin awa, in bi ɗaki-ɗaki ina shafa radiyeta. Wadda ƙasanta ya yi zafi samanta sanyi, iska ce ta taru ciki. Sai a kashe hita a bari ta huce, akwai wani ɗan mitsitsin mabuɗi mai baki kusurwa huɗu, ka sa a gefen sama ka murɗa kaɗan, za ka ji fssss kamar tayar keke na sacewa, da ruwa ya fara fitowa ka ɗaure. Ka riƙe tsumma a ƙasa fa! Ruwan baƙi ne wuluk, karon farko a kafet ɗin uwargida ya sauka kuma har yau tabon na nan, ana tuna min duk shekara. In kuma ƙasan ne ke sanyi, wannan datti ne ya kwanta, aikin masu gyara ne. Wadda ta ƙi zafi kwata-kwata yawanci ɗan tsinken da ke ƙarƙashin murfin nan mai lambobi da ake murɗawa a gefenta ne ya maƙale, ka cire murfin ka ɗan daddanna shi.

Bayan fitar da iska sai ka duba allurar awon matsin ruwa da ke jikin boila, in tana sanyi ana so ta tsaya tsakanin 1 da 1.5, in ta faɗi ka ƙara ruwa a hankali ta ɗan bututun ƙarfen da ke ƙasa. Iyakata ke nan. Cikin boila ba na taɓawa, sai injiniya mai rajistar Gas Safe, wato rajistar waɗanda hukuma ta yarda su yi aikin gas, kuma in haya kake doka ta ɗora wa mai gidan ya sa a duba gas duk shekara ya ba ka takarda.

Waccan ranar da na faɗa wa Hajiya a waya cewa ta yi "To ku hura gawayi mana a kasko, yaran nan kar su sandare." Na yi dariya amma gabana ya faɗi, don ko a gida an sha rasa mutane a ɗaki rufe da garwashi, iskar gubar da yake fitarwa ba ta da wari ba ta da launi, barci kawai mutum zai yi. Boila mai matsala ma tana fitar da ita, shi ya sa ƙararrawar gano ta ke manne a kicin ɗinmu. Jiya na danna ta don gwaji, ƙaramin ɗanmu ya fito a guje da cokali a hannu yana tambaya ko gobara ce.