Abin da Aikin Fili Ya Koya Mini a Durbi Takusheyi

Durbi Takusheyi yana ƙasar Mani, kimanin kilomita 32 gabas da birnin Katsina, kuma wanda bai san labarinsa ba zai iya wucewa yana zaton tuddan ƙasa ne kawai. A ƙarƙashinsu aka binne manyan mutane waɗanda tarihin baka yake dangantawa da Durbawa, masu mulkin ƙasar kafin zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Korau. Tun 1959 aka sanya wurin cikin wuraren tarihi na ƙasa da doka ta kare, don haka babu mai ikon sa fartanya a jikinsa sai da izinin hukuma.

Ni malamin tarihi ne, kuma na kai ɗalibaina wurin domin su yi aikin fili, ba domin su tona komai ba. Mun fara da neman izini a rubuce, sannan muka je muka yi gaisuwa wajen masu gari, domin baƙon da ya tsallake wannan mataki ba zai sami mai buɗe masa baki ba. Aikin kansa mai sauƙi ne: auna faɗin tudu da igiya, zana taswirar yadda tuddan suke da juna, da rubuta duk abin da ido ya gani a saman ƙasa. Wahalar tana wajen hana hannu ɗauka. Da wani ɗalibi ya ga tsingaro, sai ya ce, "Malam, in sa a aljihu mu kai makaranta?" Na ce ya zana shi, ya rubuta inda yake, ya bar shi a nan, domin tsingaron da aka raba da mazauninsa ya rasa mafi yawan abin da zai iya faɗa.

Tarihin tonon wurin shi ne hujjata. A 1907 jami'in mulkin mallaka Herbert Richmond Palmer ya tona wasu daga cikin tuddan a zamanin Sarki Muhammadu Dikko, wanda shi ma ya riƙe sarautar Durbi kafin ya hau gadon Katsina. An fito da kayayyaki, amma daga baya suka salwanta, kuma bayanin da ya rage kaɗan ne ƙwarai. Kabari ba a tona shi sau biyu, saboda haka abin da waɗannan tuddai suka riƙe ɗaruruwan shekaru ya tafi ke nan. A 1992 kuwa, masu bincike daga Jamus suka tona wasu tuddai uku, suka sami mamaci guda a tsakiyar kowanne tare da kayansa. A 2007 aka kai kayan birnin Mainz na Jamus domin gyara da nazari, aka dawo da su Nijeriya a 2014.

Kayan wannan tono na biyu su ne suka fi jan hankalin ɗalibai, musamman zinariya, amma ni a wurina kuɗin wuri da tasa sun fi ta magana. Wuri daga Tekun Indiya yake fitowa, tasar ƙarfen kuma aikin maƙeran Gabas ta Tsakiya ce, ga kuma duwatsun ado da mundaye na tagulla da na hauren giwa, har da ragowar saƙa. Bincike ya nuna cewa an yi binne-binnen ne tsakanin ƙarni na 13 ko na 14 zuwa na 15 ko na 16. Ma'anar wannan ita ce, tun kafin a sami rubutaccen tarihin ƙasar, masu mulkinta suna da hannu a fataucin da ya ratsa Sahara, kuma suna da iko da jama'ar da za ta tara musu ƙasa mai yawa haka. Binne mutum da kayan adonsa kuma ba tsarin jana'izar Musulunci ba ne, alhali wasu kayan daga ƙasashen Musulmi suka zo, wanda yake nuna zamani ne da haja ta riga aƙida shiga fada. Ba za a iya wannan karatu ba sai don an san wane abu ne ya fito daga wane kabari.

Abu na ƙarshe da na lura da shi shi ne, doka tana hana tono, amma ba ta hana ruwan damina zaizaye gefen tudu, ba ta kuma hana kunyar gona matsowa kaɗan-kaɗan kowace shekara. Manoman da ke kewaye su ne suke ganin wurin kullum, kuma su ne za su fara sanin ranar da baƙon ido ya zo da diga. Saboda haka muka yi kwafin taswirar da ɗalibai suka zana, muka bar ɗaya a hannun dattawan gari, muka ajiye ɗaya a makaranta domin ajin da zai biyo baya ya sake awo ya gwada da namu.